Makomar Manhajojin Ƙiyasta Makamashin Gine-gine

 

Mas'alar da aka ɗora mini in yi bayani a kanta yau ita ce makomar wani fanni na ilmi wanda, ko da yake jama'a ba su cika jin labarinsa ba, da wuya a ta da babban gini a Turai ko Amurka ba a nemi fatawarsa ba. Ina nufin manhajojin kwamfuta waɗanda ake ba su siffar gini tun yana kan takarda, da kaurin bangonsa, da faɗin tagoginsa, da inda ya fuskanta, da yanayin garin da za a gina shi sa'a bayan sa'a har sa'o'i 8,760 na shekara, su kuwa su yi hisabi su faɗi irin zafin da mazauna za su sha, da yawan wutar da za a ƙona kafin a sanyaya musu ɗaki ko a ɗumama shi. Al'amarin ba ƙarami ba ne, domin gine-gine suna lashe wajen kashi 30 cikin ɗari na makamashin da duniya ke amfani da shi, kuma kuskuren da aka yi a bango ko a rufi ba ya gyaruwa da sauƙi, sai dai mai gida da magadansa su yi ta biyan diyyarsa.

Abin da ya ba fannin nan ƙarfi shi ne wahalar man fetur ta shekarar 1973, sa'ad da ƙasashen Larabawa suka hana sayar wa Amurka da wasu ƙawayenta mai saboda yaƙin watan Oktoba. Kafin shekarun nan na 1970 su ƙare, gwamnatin Amurka ta mallaki manyan manhajoji biyu: DOE-2, wadda aka rubuta a cibiyar bincike ta Berkeley a Kalifoniya da kuɗin Ma'aikatar Makamashi, da BLAST, wadda cibiyar binciken gini ta sojoji ta samar a Jihar Illinois. A Jami'ar Wisconsin aka fitar da TRNSYS a 1975, a Jami'ar Strathclyde ta birnin Gilasgo kuwa aka yi ta raya ESP-r.

Inda nake so mu ɗan daɗe shi ne abin da ya faru bayan kimanin shekara ashirin. Gwamnati ɗaya tana ɗaukar nauyin manhajoji biyu masu aiki iri ɗaya, kowacce an yi ta yi mata ƙari a kan ƙari har ta cukurkuɗe, ta yadda in an taɓa wani sashe sai wani ya ɓaci, kuma waɗanda suka san sirrin cikinta ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Mahukunta ba su yi gaggawar yanke hukunci a ofis ba. Ma'aikatar Makamashi da ta Tsaro suka kira majalisar shawara har sau biyu, ta farko a watan Agusta na 1995 domin masu rubuta manhajojin, ta biyu a watan Yuni na 1996 domin masu aiki da su kullum, aka tambayi kowane ɓangare abin da yake bukata da abin da ya kamata a gabatar. A ganina raba zaman nan biyu hikima ce babba, domin marubucin manhaja hankalinsa yana kan ingancin lissafi, injiniyan da ɗan kwangila ke jira kuwa so yake ya shigar da gini ya sami amsa kafin la'asar, kuma da an haɗa su zaure ɗaya da muryar masana ta danne ta masu aiki.

A shekarar 1996 aka fara rubuta EnergyPlus, wadda ta ɗebi mafi kyawun abin da ke cikin tsofaffin biyu, aka fitar da ita a watan Afrilu na 2001. Aka gina ta sashe-sashe, yadda mai bincike zai iya ƙara sabon nau'in na'urar sanyaya ɗaki ba tare da ya rushe sauran ba. Aka kuma yanke cewa gwamnati za ta tsaya ga injin lissafin kaɗai, ta bar wa kamfanoni da jami'o'i su ƙera fuskar da mai aiki zai gani, kamar yadda malami ke tsare matani ya bar masu sharhi su sauƙaƙa wa ɗalibai. Daga nan irin su DesignBuilder suka fito. Daga baya aka buɗe rubutunta ga kowa kyauta, a 2014 kuma aka juya ta daga harshen Fortran zuwa C++, saboda samarin masu rubuta manhaja sun daina koyon tsohon harshen, kuma ilmin da ba shi da magada ƙarshensa ɓata. Ga kuma ƙa'ida mai lamba 140 ta ƙungiyar injiniyoyi ta ASHRAE, wadda da ita ake jarraba manhajoji a kan gine-ginen misali, a ga wadda ta kauce.

Duk da haka, ƙiyasi ba ya zama yaƙini. Binciken PROBE da aka yi a Ingila daga 1995 zuwa 2002, inda aka koma gine-ginen da mutane suka riga suka shiga aka auna su, ya nuna wutar da ake ci sau da yawa ta zarce abin da aka yi tsammani nesa ba kusa ba. Lissafin yaɗuwar zafi a cikin bango daidai yake. Abin da ke ɓata sakamako shi ne zaton da aka yi game da mutane, da na'urori, da yadda ake tafiyar da su. Wannan ne ya sa masu tsara mataki na gaba suka karkata ga harshen Modelica da aikin da suke kira Spawn, domin tsarin sarrafa na'urori da aka jarraba a kwamfuta ya zama shi ne ainihin wanda za a ɗora wa ginin.

To, jama'a, wa aka shawarta a majalisun nan, wa kuma ba a gani ba? An shawarci mutanen da gininsu rufe yake ruf, wutarsu ba ta yankewa, sanyi kuma shi ne babban abokin gabarsu. Ma'aunin jin daɗin jiki da Farfesa Fanger na ƙasar Denmak ya wallafa a 1970 an gina shi a kan gwajin da aka yi wa mutane a ɗakunan bincike masu tsayayyen yanayi, kuma sai a 2004 ASHRAE ta shigar da hujjar cewa wanda ke zaune a gida mai buɗaɗɗiyar taga jikinsa yana sabawa da zafin garinsa. Mu kuwa da muke Kano ko Sakkwato ko Damagaram, inda zafin bazara ke kaiwa digiri 40, muna da soron ƙasa mai kauri wanda ke shanye zafin rana ya riƙe shi sai dare, muna da kwana a tsakar gida, da ƙurar hunturu mai rage ƙarfin rana, da damina mai cika bangon laka da danshi, da janareta mai karɓar aiki duk sa'ad da aka ɗauke wuta. Adalci ne in faɗa cewa EnergyPlus tana iya lissafa shigar iska ta taga da tafiyar danshi a bango. Abin da ba ta iyawa shi ne ta ƙago adadin da ba a ba ta ba, kuma ɗalibin da ya rasa awon tubalin garinsu dole ya ari na wata ƙasa, ya fito da sakamako mai kyan gani wanda ba shi da isnadi. Abin yana ci mini rai, domin da irin wannan sakamako ake shawo kan mai gida ya bar ginin ƙasa ya koma bulo da kwano, sa'an nan ya ƙare rayuwarsa yana sayen sanyi.

Nijeriya ta ƙaddamar da dokar tsimin makamashi a gine-gine a 2017, kuma doka irin wannan ba ta tsayuwa sai da hisabin da aka amince da shi. Saboda haka kirana ga shugabannin sassan zanen gini da injiniya, daga Jami'ar Ahmadu Bello zuwa Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato da takwarorinsu na Yamai, shi ne su ɗauki awo a matsayin wajibi. A auna yadda zafi ke ratsa tubali da makuba da rufin azara, tare da neman shawarar magina waɗanda suka gaji sana'ar. A rataye ma'aunai a gidajen mutane, da izininsu, shekara guda cur. A nemi hukumomin hasashen yanayi su saki bayanansu na sa'a-sa'a. Sa'an nan a wallafa sakamakon a fili, a kai shi tarukan ƙungiyar IBPSA ta masu wannan fanni, wadda aka kafa tun 1987, domin a can ake shawarar abin da za a ƙara a manhajojin gobe. Ku kuma ɗalibai, rubutun EnergyPlus a buɗe yake, ba a biyan ko kwabo. Ku koyi harshensa, ku shiga cikin masu gyara shi.