Jawabi a taron makiyaya na shigar bazara: a kai wa tsofaffi ruwa tun ba su tambaya ba



Ardo-ardo, malamai, iyayenmu maza da mata, 'yan uwa makiyaya da 'yan kasuwar dabbobi, ina gaishe ku da zuwa. Kullum in mun taru maganar rijiya muke yi, da burtali, da tsadar dusa. Yau ma maganar ruwa na kawo, amma na tsofaffin da muke bari a ruga.

A bazarar 2024 muna zaune arewa da Dakoro. Samari duk suna bakin rijiya suna jiran layi tun asuba, mata sun tafi da jakuna ɗaukar ruwa. Baffana, ƙanen mahaifina, shi kaɗai aka bari a bukka. Da muka dawo bayan la'asar sai muka tarar yana sambatu, bai gane ni ba. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce rikicin tsufa. Muka ɗora shi a amalanke muka kai shi likita. Da aka duba shi aka ce ruwan jikinsa ne ya ƙare. Leda biyu ta ƙarin ruwa aka sa masa kafin ya dawo hayyacinsa. Abin da ya fi ba ni kunya, salka cike da ruwa tana rataye a bakin bukkar. Ranar nan na shayar da shanu sittin, ban shayar da baffana ba.

A shekarar nan ɗin, ranar 3 ga Afrilu, zafi ya kai digiri 48 da rabi a garin Kayes na ƙasar Mali. A Bamako asibitin Gabriel Touré ya ƙirga mutum 102 da suka rasu a kwana huɗun farko na watan, wajen rabinsu sun haura shekara 60. Kuma lokacin ana cikin azumi. Mu ma nan, watan huɗu da na biyar zafi yana wuce digiri 40.

Me ya sa tsoho ya fi shan wahala? Masu aikin lafiya sun yi mana bayani. In mutum ya tsufa, jin ƙishirwa yana raguwa. Jikinsa yana bukatar ruwa amma maƙogwaronsa bai gaya masa ba. Ƙodarsa ba ta riƙe ruwa kamar ta yaro, jikin ma ba ya ajiye ruwa da yawa. Sai kuma namu halin. Dattijo da kunya ba zai buɗe baki ya roƙi ruwa ba, ba zai sha a gaban surukinsa ba. Wani yana ganin wahalar da aka sha kafin a kawo ruwan, sai ya bar wa jikoki. Wata tsohuwa kuma tana ƙin sha don kada fitsari ya tashe ta da dare. Saboda haka kada mu jira su tambaya.

Ga abin da nake roƙonku. Kowane tsoho a ware masa gora ko bido mai cin lita 2, a rufe, a naɗe da jiƙaƙƙen buhu a ajiye a inuwa kusa da shimfiɗarsa. A sa mutum ɗaya, jika ko suruka, ya zama aikinsa ne ya miƙa ruwan. Kada a ce kowa zai kula, don abin kowa ba na kowa ba ne. Mu ɗaure shi da salla: duk lokacin da aka kai ruwan alwala, a kai na sha, a ɗan kauce a ba shi wuri ya sha. Mafi yawa ya sha tun daga asuba zuwa la'asar, don ya samu barci da dare. In isha ta yi gorar ba ta ƙare ba, a sani da saura. Ruwan tafki ko na rijiyar da dabbobi ke tattakawa, a tace a tafasa. Fura mai ruwa-ruwa, nono, kunun tsamiya da farau-farau duk suna taimakawa. Shayi kuwa, ƙananan kofuna uku ba su cika ko rabin moɗa ba, kada a ce ya sha shayi ya wadatu.

Wanda ke da ciwon zuciya, ko na ƙoda, ko kumburin ƙafa, ko yake shan maganin hawan jini, a tambayi likita yawan ruwan da ya dace da shi.

Mu makiyaya mun iya gane maraƙin da zawo ya tsotse: mu ja fata mu saki, mu duba ido. Amma fatar tsoho ta riga ta saki, ba za ta nuna mana gaskiya ba. A duba harshe ko ya bushe. A lura da fitsari, in ya yi kaɗan ya yi ja. Sai jiri in ya miƙe, da yawan barci, da rikicewar magana. In aka ga haka, ko yana zawo ko amai, a dama ruwan gishiri da sukari: ƙunshi ɗaya na likita cikin lita ɗaya. In babu, ƙaramin cokali 6 na sukari shafe da baki, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. A ba shi kurɓi-kurɓi.

In jikinsa ya yi zafi rau, ya suma ko ya daina gane mutane, a kai shi inuwa, a sassauta tufafi, a jiƙa jikinsa ana fifita, a nemi abin hawa zuwa likita nan take. Wanda ya suma ba a ɗura masa ruwa a baki, zai shaƙe.

Ku 'yan kasuwa, dattawan dillalai suna wuni tsaye a kara, a Abalak ko Badagishiri, daga hantsi har la'asar, goro kaɗai a baki. Wasu kuma suna bin motar shanu tafiyar kwana biyu. Yaron da ke riƙe igiya ya riƙe gorar ruwa ma.

Maganar azumi kuwa, ga malamai nan zaune. Addini ya yi sauƙi ga tsohon da ba zai iya ba, ya sha ya ciyar. Iyayenmu masu azumin Litinin da Alhamis cikin tsananin bazara, a lallashe su da bakin malami, don sun fi jin nasa.

Baffana yana nan da rai, gorarsa tana gefensa, jikanyarsa ce ke kula da ita. Kowa in ya koma ruga yau, kafin ya tambayi shanu, ya tambayi wa ya ba tsoho ruwa.

Allah ya kawo damina lafiya, ya ba mu albarkar iyayenmu.