Fassarar Kwangila daga Faransanci: Aikin Lauya Ne



Ba sai na gaya muku yawan kayan da ke ratsa Jibiya zuwa Maraɗi ba. Nijar, Benin, Chadi da Kamaru duk suna cikin ƙasashe 17 na OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, Najeriya kuwa tana bin tsarin shari'ar Ingila. Duk da haka har gobe ɗan kasuwa kan miƙa kwangilarsa ga malamin Faransanci ya juya masa ita zuwa Turanci, lauya ya sa hannu a kai. Wannan ɗabi'a na daɗe ina yaƙi da ita.

Ku ɗauki clause pénale. Mai fassara zai rubuta penalty clause, ya ga kamar ya gama. A dokar Faransa wannan sharaɗi halal ne: ɓangarorin biyu sun yanke kuɗin da mai saɓa alkawari zai biya, kuma tun 1975 alƙali na iya rage shi ko ƙara shi idan ya wuce gona da iri ko ya yi kaɗan ainun. Yau yana sashe na 1231-5. A shari'ar Ingila kuwa, sharaɗin da aka tabbatar horo ne kotu ba ta zartar da shi, kamar yadda shari'ar Dunlop ta 1915 ta fayyace, ko da yake Kotun Ƙolin Birtaniya ta sassauta ma'aunin a shari'ar Makdessi a 2015. Wato mai fassara ya miƙa wa abokin hamayya hujjarsa da hannunsa. Mai kaya a Yamai na ganin yana riƙe da garanti, lauya a Kano na karanta takarda guda yana ganin ƙofar tserewa. Abin da ya fi kusa da nufin ɓangarorin biyu liquidated damages ne, shi ma sai an yi masa bayani.

Haka force majeure, wato larurar da ta fi ƙarfin mutum ta hana shi cika alkawari: Faransa ta fayyace shi a sashe na 1218, a Ingila kuwa iyakarsa abin da kwangila ta lissafa. Waɗanda motocinsu suka maƙale da aka rufe iyakar Najeriya da Nijar a 2023 sun san zafin wannan bambanci.

Wasu abokan aiki na cewa manhajar fassara ta wadatar. Manhaja ba ta tsayawa gaban alƙali. Batun harshe a shari'a ba wasa ba ne: a 2016 lauyoyin Bamenda ta Kamaru sun fita zanga-zanga, kuma rashin dokokin OHADA da Turanci na cikin koke-kokensu.

Buƙatata uku ce. Kowace kwangila ta faɗi dokar da ke hukunta ta da harshen da za a bi idan rubutun biyu suka saɓa. A bar kalmar Faransanci yadda take, a bayyana ma'anarta cikin kwangilar. Sannan tsangayoyin shari'a a Kano, Zariya da Sakkwato su fara koyar da dokokin OHADA tare da Faransancin shari'a, tun daga ajin farko.