Kada Mu Shigo Da Dutsen Zinariya Gida



Yau zancenmu a kan yara ƙanana ne, da wata guba wadda ba ta da wari, ido kuma ba ya ganinta. Sunanta dalma. Allah ya albarkaci ƙasarmu ta Birnin Gwari da zinariya, mutanenmu da yawa kuwa suna haƙa. Ba mu ce kowa ya bar neman abincinsa ba. Amma ku ji abin da ya sami maƙwabtanmu.

A shekarar 2010, a ƙasashen Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, yara suka yi ta mutuwa. Da fari an ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne. Da likitoci suka auna jinin yaran, sai suka tarar da dalma a ciki. Ashe maza ne ke kawo dutsen zinariya gida, ana dakawa a turmi, ana niƙawa a tsakar gida. Dutsen nan kuwa a gauraye yake da dalma. Yara wajen 400 suka rasu. A Bagega, sai da aka kankare ƙasar gidaje a shekarar 2013, aka zuba sabuwa.

A shekarar 2015 abin ya matso kusa da mu. A yankin Shikira, cikin ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu ta wannan hanya. To, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Me ya sa yara suka fi cutuwa? Domin yaro a ƙasa yake rarrafe. Abin da ya taɓa duka, baki yake kaiwa. Jikinsa kuma yana shan dalma fiye da na babba sau huɗu ko biyar. Mace mai ciki ma, in ta shaƙi ƙurar, gubar tana isa ga ɗan da ke cikinta. Wanda ya tsira da rai, sau da yawa ƙwaƙwalwarsa takan taɓu, karatu ya yi masa wuya.

Ba mai iya duban dutse ya ce wannan ba dalma a cikinsa. Saboda haka ga abin da za mu yi:

1. Kada mu shigo da dutsen ko garinsa cikin gida. A yi aikinsa bayan gari, nesa da rijiya.
2. Turmin da aka daka dutse, ko injin da ya niƙa shi, kada a sa masa hatsi.
3. Mai haƙa ya yi wanka, ya sake tufafi da takalmi a wurin aiki, kafin ya komo ya ɗauki ɗansa.
4. Uwa kada ta je wurin niƙa da goyo. Kada a aiki yara talla can.
5. Kada a yi tubali ko yaɓe da ƙasar da aka wanke zinariya.
6. A yayyafa ruwa kafin shara. A wanke hannun yaro da sabulu kafin ya ci abinci.

In muka ga yaro yana amai, cikinsa na ciwo, ya yi laushi, ko yana taune-taune, kada mu tsaya jiƙe-jiƙe. Mu kai shi asibiti maza-maza. Mu gaya wa likita cewa ana aikin zinariya a wurinmu, don a auna jininsa. Akwai magani, amma ba ya amfani in yaro ya koma cikin ƙurar nan.

Mu da muka iya karatu yanzu, nauyi ya hau kanmu. Kowa ya karanta wa mutanen gidansa wannan yau da dare, tun ba mata ba. Gobe kuma mu kai maganar gaban mai unguwa da liman.

Allah ya raya mana zuriyarmu. Amin.