Masu Binciken Cutar Daji: Ta Ina Ake Farawa?

 Yau da ɗalibai zan yi magana, da iyayensu, a kan karatun da ke mayar da mutum mai binciken cutar daji.

Aikin likita shi ne duba maras lafiya. Shi kuwa mai bincike yana ɗakin gwaje-gwaje yana neman dalilin da ya sa ƙwayoyin halittar jiki ke ƙin daina hayayyafa har su zama ƙari. Duk maganin da ya iso asibiti, sai da ya bi ta hannun irin waɗannan mutane.

Ga misali, a 1958 wani likitan tiyata a Yuganda, Denis Burkitt, ya bayyana wani ciwon daji da ke kumbura muƙamuƙin yara. Aka riƙa aika samfurin ƙarin daga Kampala zuwa Landan, wurin wani mai bincike, Anthony Epstein. Ɗalibarsa mai neman digirin digirgir, Yvonne Barr, ita ce ta jure wa rainon ƙwayoyin halittar ƙarin a cikin kwalba har suka rayu. A 1964, tare da abokin aikinsu Bert Achong, suka gano ƙwayar cutar bairos ta farko da aka danganta da daji a jikin ɗan Adam. Har yau sunanta Epstein-Barr, wato sunan malami da na ɗalibarsa.

To, ina hanyar? Ba dole sai ka karanta likitanci ba. Digirin farko a kimiyyar sinadaran jiki, ko ta ƙananan halittu, ko haɗa magunguna, ya isa tushe. Daga nan sai digiri na biyu, kamar shekara biyu, inda hannu ke faɗawa: rainon ƙwayoyin halitta, karanta ƙwayoyin gado, da lissafin sakamako a kwamfuta. Digirin digirgir kan ci shekara uku zuwa biyar, kana bin tambaya guda da ba wanda ya taɓa amsa ta. Kafin ka zaɓi jami'a, zaɓi malami. Karanta abin da ya wallafa, ka tambayi ɗalibansa ko yana zama da su, ko ɗakin gwajinsa na da kayan aiki. Ka kuma nemi tallafi: cibiyar WACCBIP ta Jami'ar Gana tana horar da ɗaliban Afirka, hukumar binciken daji ta duniya da ke Liyon a Faransa tana karɓar matasan masana, malaman jami'o'in gwamnati a Najeriya kuma suna da asusun TETFund.

Tambayoyin da ke jiran bincike suna nan a ƙofar gidanmu. Gyaɗa da masarar da aka adana da danshi suna yin fumfuna mai fitar da gubar aflatoksin, wadda idan ta haɗu da ciwon hanta nau'in B take ninka haɗarin dajin hanta. Wa zai auna yawan wannan guba a rumbunanmu da kasuwanninmu, in ba 'ya'yanmu ba? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Iyaye, idan 'yarku ko ɗanku ya ce zai ƙara karatu a wannan fanni, ku yi haƙuri da tsawon shekarun, ku tsaya masa. Ɗalibai kuma, ku fara tuntuɓar malamanku tun kafin ku kammala digirin farko.