LAMBUN GIDA A BAZARA: A DUBI RUWA KAFIN A DUBI IRI

Jawabi domin karantawa a azuzuwan yaƙi da jahilci na Sharaɗa, Challawa da Bompai, da ƙauyukan da ke kewaye da su.



Daga watan Maris zuwa Mayu zafi kan tsananta a Kano. Rijiyoyi su ja baya, kayan miya su yi tsada. A wannan lokaci magidancin da ke da ɗan lambu a gida yana cikin rufin asiri. Uwargida ta tsinki ganye ta yi miya, kuɗin cefane ya ragu. Amma mai lambu a kusa da masana'antu yana da tambaya ta farko: da wane ruwa zai yi ban ruwa?

RUWAN DA ZA A GUJE WA

A Sharaɗa da Challawa da Bompai akwai masana'antun jima da na rini da na roba. Dattin ruwan Sharaɗa yana bin rafin Salanta ya faɗa kogin Challawa. Na Bompai yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara, har dam ɗin Wasai. Wannan ruwa ba ya ƙafewa da rani, shi ya sa yake jan hankalin mai lambu.

Amma ba duk abin da ya yi kore ne ke da lafiya ba. Masana'antun jima suna aiki da sinadarin kuromiyom. Masana sun gwada ruwan waɗannan rafuka da ganyen da ake nomawa a bakinsu, sun sami wannan sinadari da dalma a ciki. Saiwa ce ke zuƙar gubar ta kai ta cikin ganye. Wanki ba ya fitar da ita, dahuwa ma ba ta kashe ta. Takan taru a jiki a hankali, ta taɓa ƙoda, ta hana ƙwaƙwalwar yaro girma. Kowa ya ji abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda ɗaruruwan yara suka rasu a ƙauyukan masu haƙar zinariya.

Ko masana'anta ta rufe, gubar da ta zauna a ƙasa tana nan. Saboda haka:

1. Kada a ɗebi ruwan kwatar masana'anta.
2. Kada a kwashi laka ko dattin majema a ce taki ne.
3. Kada a tara ruwa ko a yi shuka a duron da aka zuba sinadari.

RUWAN DA YA DACE

Akwai ruwa mai kyau da ake zubarwa kullum a gida: ruwan alwala, ruwan wankin shinkafa da na kayan miya. A ajiye bokiti a riƙa tara shi. Ban da ruwan omo da na wankin kayan aikin masana'anta.

YADDA ZA A SHUKA

Wanda ba shi da fili ya nemi buhun hatsi ko tsohon daro. Ya huda gindin domin ruwa ya riƙa tsiyayewa. Ya samo ƙasa daga gona mai nisa da rafin masana'anta. Ya haɗa ƙasa kashi 2 da ruɓaɓɓen takin dabbobi kashi 1. Ɗanyen taki yana ƙone shuka.

Latas da karas da kabeji da tumatir sun fi son sanyi, a bar su sai Oktoba ko Nuwamba. Masu jure zafi su ne alayyafo, kuɓewa, lalo, rama da zogale. Alayyafo kan isa tsinka cikin mako 4. Kuɓewa kan fara 'ya'ya cikin wata 2.

A yi ban ruwa da sassafe da kuma bayan la'asar. A rufe gindin shuka da ciyawa ko ɓawon gyaɗa, domin ƙasa ta riƙe danshi. A kafa rumfar kara saboda ranar tsaka. In ƙwari sun dame ta, a daka ganyen darbejiya, a jiƙa ya kwana, a tace a yayyafa. A kewaye lambun saboda awaki da kaji.

FURANNI

Fure ba ado kaɗai ba ne. Yana kiran zuma, ita kuma tana taimaka wa shuka ta yi 'ya'ya. A dasa lalle a jikin danga. Furensa na da ƙanshi, ganyensa kuma na mata ne.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Buhu 5 na ganye mai tsabta a tsakar gida sun fi kadada guda a bakin kwata. Duk ɗalibin da ya karanta wannan, ya karanta wa maƙwabcinsa.

Allah ya sa albarka a abin da aka shuka, ya kawo damina lafiya. Amin.