Daga Ruwan Bagaja Zuwa Hawjan: Jawabi Kan Littattafan Almara Na Matasa

Da aka ce in zaɓi abin da zan yi magana a kai, wasu sun zaci injiniya zai zo da batun wutar sola ko tace ruwan teku. To, yau dai batun aljanu da dodanni da takubba na kawo muku, wato littattafan almara da matasa ke karantawa. Na ga wasu har sun gyara zama.

Bari in fara da gida, don kada a ɗauka Harry Potter ne ya kawo mana abin a 1997. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Cikin littattafai biyar da suka fito daga wannan yunƙuri, biyu almara ce tsantsa, kuma wa da ƙane ne suka rubuta su: Ganɗoki na Malam Bello Kagara, da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. Ganɗoki ya gwabza da Turawa, ya nausa gabas, ya shiga duniyar aljanu. Alhaji Imam kuwa ya bar Kwantagora neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, yana tafe suna ta shirya wa juna tsiya da Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Bayan nan Magana Jari Ce ta zo, inda aku ke tsare ɗan sarki da labari. A 1969 Umaru Dembo ya ɗauki yaro Kilba ya kai shi sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya. Ko a zamaninmu, wanda ya tashi a Kano ya san layin da yara maza ke yi a shagon hayar littattafai don littattafan yaƙi na su Abdul'aziz Sani Madakin Gini.

Wani abin da zai ba ku sha'awa, ku masu karatun adabin Larabci: Malam Zurƙe ɗin nan da muke yi wa dariya, akwai jinin Maƙamatul Hariri a jikinsa. Abubakar Imam ɗan gidan malamai ne, ya karanta littattafan da muke karantawa, ya ɗebo daga can, ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turai, ya ɗinka musu riga ta Hausa. Ba wanda ya ce iliminsa ya ragu don ya yi haka.

Nan ƙasar da muke baƙunta ma abin ya kankama. A 2013 Ibrahim Abbas ya fitar da Hawjan, labarin wani aljani a Jidda da ya kamu da son wata ɗalibar likitanci mai suna Sausan. An yi ce-ce-ku-ce, har aka janye littafin daga wasu shaguna na ɗan lokaci. Bayan shekara goma, a 2023, fim ɗinsa ne ya buɗe bikin fina-finan Bahar Maliya a Jidda. Ga kuma Usama al-Muslim, mai littafin Khauf, wanda matasa ke yi wa cincirindo a baje kolin littattafai. Duk wanda ya leƙa baje kolin littattafai na Madina, wanda aka fara a 2022, ko ya shiga Jarir ya tsaya gaban kantar labarai, ya ga 'yan shekara nawa ne ke tsaye a wurin.

To, me za mu ƙaru da shi, mu da muka zo karatu?

Abu na farko harshe. Da yawanmu mun haddace ƙa'idojin nahawu, muna iya i'irabin baiti mai wuya, amma a ba mu shafi ɗaya na Larabcin zamani sai mu riƙa tafiyar hawainiya. Dalili shi ne ba mu taɓa karanta shafi ɗari uku don daɗi ba. Littafin darasi kana karanta shi da biro a hannu, kana duba ƙamus. Labari kuwa jan ka yake. Ka ci karo da kalma sau biyar, a na shida ka gane ta ba tare da ka tambayi kowa ba, domin kana son ka san ko yaron zai fita daga kogon. Ɗalibin da ke matakin koyon harshe ya fara da Kamil Kilani, ɗan Masar da ya rubuta wa yara labarai da Larabci mai tsabta da wasulla. In ƙafarsa ta yi ƙwari, ya koma kan Ahmad Khalid Taufiƙ, likitan Ɗanɗa da ya fara jerin Ma Wara'aɗ Ɗabi'a a 1993. Ƙananan littattafai ne, ana gama ɗaya tsakanin la'asar da isha.

Na biyu, ga inda injiniyancina ke shigowa. Almara mai kyau tana da doka kamar na'ura. Marubucin kirki, in ya ce zoben nan sau uku kawai yake aiki, to ba zai ƙara na huɗu ba don kawai jaruminsa ya shiga tsaka mai wuya. In ya ba jarumi ƙarfi, sai ya sa masa farashi. Da wannan nake auna littafi. Abin da ke gundurata da wasu littattafan yaƙinmu ke nan: sadauki ya kashe dubu, gobe ya kashe dubu goma, jibi a ƙaro wani boka da ya fi na jiya, ba abin da ya taɓa rasawa, ba abin da ya canza a zuciyarsa. Injin da ke ba da wuta ba ya shan mai, ai kun san ƙarya ne. Ruwan Bagaja ya fi su a nan, don Alhaji Imam da wayo yake tsira, wani lokacin ma shi ake kayarwa.

Yanzu ga tambayar da na san tana bakin wasunku: sihiri fa? Ba ni da hurumin fatawa, ga ma'abotanta nan a sahun gaba. Abin da na sani a matsayin mai karatu shi ne, sihiri haramun ne, ba mai jayayya, kuma aljanu gaskiya ne, sura guda aka saukar da sunansu. Amma da bambanci tsakanin littafin da ke koya maka yin tsafi, irin Shamsul Ma'arif da malamai suka daɗe suna gargaɗi a kansa, da labarin da mai rubutu da mai karatu duk suka san ƙage ne, kamar yadda kakanninmu ke rufe tatsuniya da cewa ƙarya suka gilla. Duk da haka ba kowane zan miƙa wa yaro ba. Children of Blood and Bone na Tomi Adeyemi, da ya fito a 2018, an gina shi ne kan abubuwan bautar Yarabawa na gargajiya. Babba zai karanta ya san inda ya tsaya. Ɗan shekara goma sha biyu kuwa yana bukatar wanda zai zauna da shi su tattauna. Wasu na Larabcin ma tsoratarwarsu ta yi yawa, suna iya bar wa yaro fargabar shiga banɗaki da dare.

Abin da ke damuna ke nan, jama'a. Ƙannenmu a gida suna karanta waɗannan abubuwa a waya, da Turanci ko da Hausar da aka rubuta da gaggawa, ko mun sani ko ba mu sani ba. Gobe mu za mu koma, a ce mana malamai. In yarinya ta zo ta ce, “Yaya, wannan littafin fa?” amsar “a daina” ba za ta hana ta ba, sai dai ta daina tambaya. Wanda ya karanta shi ne zai iya ce mata wannan ki bar shi, ga wanda ya fi shi. Kuma cikin ɗakin nan akwai masu Larabci, da tarihin Daura da Gobir da Kano a ka, da Hausa mai daɗi a baki, wato kayan aikin da Abubakar Imam ya riƙe yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai.

Roƙona ga shugabanni ƙarami ne. A ware mana kanta guda ta aro. Duk mai dawowa daga hutu ya sako littafin Hausa ɗaya cikin jaka, tsakanin kilishi da yaji. Ni zan kawo Magana Jari Ce duka ukun, da Hawjan guda biyu. Mai son rajista ya same ni bayan an tashi.