KAFIN KI DANGWALA YATSA A TAKARDAR BINCIKEN HAIHUWA

Wannan shi ne jawabin da wata ungozoma ta asibiti ta yi wa matan ajin yaƙi da jahilci.

Ungozomar ta fara da cewa kowane magani sai an gwada shi a jikin mutane kafin ya shiga asibiti. Maganin rashin haihuwa ma haka yake.

Ta ba da labarin wata mata a Ingila mai suna Lesley Brown. Ta yi shekara 9 tana neman haihuwa, amma hanyoyin da ƙwanta ke bi zuwa mahaifa sun toshe. Dokta Patrick Steptoe da Robert Edwards suka ciro ƙwanta, suka haɗa da maniyyin mijinta a ɗakin gwaji, sannan suka mayar cikin mahaifarta. Ranar 25 ga Yuli, 1978, ta haifi 'ya mace a garin Oldham. Kafin ita, mata fiye da 200 sun shiga wannan gwaji, kuma babu wadda ta samu. A Abuja ma an haifi yarinya ta wannan hanya a 1998.

Daga nan ungozomar ta ja kunnen mata. Ta ce bincike ba alkawarin ciki ba ne. Likitoci na neman sani ne, ba su riga sun sani ba. Magungunan da ke sa ƙwai ya nuna suna iya kawo tagwaye ko 'yan uku, kuma wani lokaci suna kumbura ciki har a kwantar da mace.

Ta tuna musu da shekarar 1996, lokacin sanƙarau a Kano. An gwada wani sabon magani a kan yara wajen 200. Daga baya iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ba ne, har magana ta kai kotu.

Saboda haka, in ji ta, kada mace ta sa hannu ko ta dangwala yatsa sai an karanta mata takardar da Hausa, a gaban shaidar da ta yarda da shi. Wadda ta iya karatu ta karanta da kanta, amfanin aji ke nan. Ta tambaya: wa zai biya in wata cuta ta biyo baya? Me za a yi da jininta da ƙwanta? Tana da ikon fita ko da an fara, kuma ba za a hana ta magani don ta ƙi ba.

Wata uwa ta tambayi hukuncin addini. Ungozomar ta ce malaman Azhar a Masar sun halatta tun 1980, muddin ƙwai na matar ne, maniyyi na mijinta, kuma aure na nan.

Ta kuma roƙi mata su je tare da mazajensu. Sau da yawa matsalar daga namiji take, kuma gwajinsa ya fi na mace sauƙi da araha.